Bashin Manhajar Waya: Yadda Za Ka Biya Ba Tare Da An Ci Mutuncinka Ba

TAMBAYA: Ni ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, ina da mata da 'ya'ya huɗu. A watannin baya albashi ya yi jinkiri, ga yarona ba lafiya, sai na ci bashin Naira 20,000 a wata manhajar waya. Da wa'adi ya cika ban samu ba, na ci a wata na biya ta farko. Yanzu manhajoji biyar ke bina. Suna kirana dare da rana, sun tura wa surukina da shugabana a ofis saƙo cewa ni ɓarawo ne. Sun ce za su turo 'yan sanda, su kuma rufe mini BVN. Ko barci ba na iya yi. Ina mafita? (Wani bawan Allah daga Zariya)

AMSA: Allah ya ba yaro lafiya, kai kuma ya yaye maka wannan damuwa. Malam, abubuwa biyu ne suka cakuɗe maka, kuma sai ka raba su kafin ka ga hanya. Akwai bashi, wanda hakki ne a kanka, za a biya shi a tsare. Akwai kuma zagi da barazana da ɓata suna, waɗanda babu dokar Nijeriya da ta ba mai bin bashi damar yin su. Su masu kiran naka so suke ka ɗauki biyun abu guda, domin tsoro ya sa ka sake cin wani bashin.

Yadda tarkon yake

Ka lura ba su nemi filinka ko babur ɗinka ba, ba su ce ka kawo wanda zai tsaya maka ba. Abin da suka nema shi ne izinin shiga lambobin da ke wayarka da hotunanka da saƙonninka, ka kuwa ba su ranar da ka sauke manhajar. Mutuncinka suka riƙe a matsayin jingina.

Sai lissafin ruwan. A ce ka karɓi Naira 20,000, aka ce ka mayar da 26,000 bayan kwana 14. Kashi 30 cikin 100 ke nan a mako biyu, wanda in aka miƙe shi zuwa shekara ya kai wajen kashi 780. Wasu ma tun kafin kuɗin su shigo asusunka sun cire nasu da sunan kuɗin hidima, bayan wa'adi kuma tara na hawa kullum. Mai jiran albashi sau ɗaya a wata ba zai iya riskar bashin mako biyu ba, shi ya sa na farko ke haifar da na biyu.

Me doka ta ce?

Hukumomi sun san da wannan ta'asa. A watan Agustan 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending Naira miliyan 10 saboda tura wa mutanen da ba su ci bashi ba saƙonni game da waɗanda yake bi. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikin waɗannan kamfanoni a Legas, daga baya a shekarar ta wajabta musu yin rajista da ita. A 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, wadda hukumar NDPC ke kula da ita, kuma a shekarar ce kamfanin Google ya hana manhajojin bashi da ke Play Store shiga lambobi da hotunan mutane. A 2025 FCCPC ta fito da sababbin ƙa'idoji masu tarar da za ta iya kaiwa Naira miliyan 100. Shi ya sa da yawa daga cikin masu cin zarafin yanzu ba a Play Store ake samun su ba, ta WhatsApp ko saƙon tes suke turo wurin da za a sauke su.

Batun 'yan sanda kuwa, sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko ya kasa biyan bashi. Dokar ta kuma hana a kama wani a madadin wani, saboda haka matarka da surukinka ba su da abin tsoro. Wanda aka ga lambarsa a wayarka bai zama garanto ba, sai in shi da kansa ya amince ya tsaya maka. Abin da zai mai da maganar laifi shi ne in an ci bashin da sunan ƙarya ko takardun jabu.

Kamfanin bashi ba shi da ikon rufe BVN ɗinka. Sai dai akwai abubuwa uku da za su iya faruwa da gaske, gara ka san su. Mai rajista zai iya kai sunanka ga kamfanonin adana tarihin bashi, wato CRC da FirstCentral da CreditRegistry, hakan kuma zai wahalar da kai ranar da ka nemi rance a banki. Idan mai binka banki ne mai lasisin Babban Bankin Nijeriya kuma ka sa hannu a tsarin GSI da aka fara a 2020, zai iya cirar abin da yake binka daga sauran asusunka. Na uku, za su iya kai ka kotu. Idan aka turo maka wata takarda aka ce sammaci ce, duba sunan kotu da lambar ƙara da ranar zama, ka je rajistarar kotun ka tabbatar. In gaskiya ce, ka halarta. Alƙali na iya yanka maka biya kaɗan-kaɗan.

Abin da za ka yi

Da farko, ka daina cin sabon bashi don biyan tsoho, daga yau. Kira zai ƙaru na ɗan lokaci, amma jimillar abin da ake binka za ta daina ninkuwa ta sabuwar ƙofa.

Na biyu, ka riga su magana. Zaunar da maiɗakinka ka gaya mata gaskiya. Ka je wajen surukinka da ƙafarka, ka ga shugabanka a ofis. Sauran jama'a kuma ka tura musu gajeren saƙo: “Na ci bashi a wata manhaja, muna kan maganar biya. In sun kira ku ko sun turo saƙo a kaina, ba ku da hannu a ciki, ku toshe lambar, ku kuma turo mini hoton saƙon.” Na san wannan ne mataki mafi nauyi a wurin magidanci. Amma bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma asirin da ka riga ka faɗa da bakinka babu wanda zai ƙara yi maka barazanar tona shi.

Na uku, tara hujja kafin ka goge komai. Ɗauki hoton kowane saƙon zagi da lambar da ta turo shi da ranar, da shafin da ke nuna abin da ka karɓa da abin da ake nema. Ka karɓi takardar bayanin asusunka daga banki. Bayan nan ka shiga saitin waya ka janye wa manhajojin izinin lambobi da hotuna da saƙonni. Ka sani goge manhaja ba ya goge bashi, kuma lambobin da suka riga suka kwafa suna hannunsu.

Na huɗu, tsare albashinka. Idan ka ba su lambar katin ATM, je banki a toshe shi a ba ka sabo, ka kuma tambaya ko akwai umarnin cirar kuɗi kai tsaye a kan asusunka. Ba don ka gudu da kuɗin kowa ba, sai don kai ne za ka tsara wanda za a fara biya, kada a wayi gari an kwashe kuɗin cefane.

Na biyar, ɗauki biro da takarda. Kowace manhaja ka rubuta sunan kamfanin da ke bayanta, abin da ya shigo hannunka, abin da ka riga ka biya, da abin da suke nema yanzu. Duba shafin intanet na FCCPC ka ga waɗanda ke cikin jerin masu rajista. Cire kuɗin abinci da haya da magani da makarantar yara daga albashi; abin da ya rage shi ne na bashi. Fara da masu rajista, tunda su ne ke iya taɓa tarihinka, a cikinsu kuma ka fara da wanda tararsa ta fi saurin hawa.

Na shida, yi ciniki a rubuce. Aika wa kamfanin imel, ba wa yaron da ke kiranka ba, domin shi kamasho yake nema. Ka ce ka amince da uwar kuɗin, kana neman a dakatar da tara, ga abin da za ka iya biya duk wata da ranar biya, kuma daga yanzu a tuntuɓe ka kai kaɗai. Kada ka yi alkawarin abin da ba za ka iya ba don a ƙyale ka yau. Kada ka tura kuɗi asusun wani mutum. Ta cikin manhajar ko asusun da ke da sunan kamfanin kawai za ka biya, ka adana rasit. Ranar da ka gama, nemi takardar shaidar cewa ba a binka komai. Bayan 'yan watanni ka nemi rahoton tarihin bashinka ka tabbatar an gyara. Dokar adana tarihin bashi ta 2017 ta ba ka damar karɓarsa kyauta sau ɗaya a shekara.

Na bakwai, kai ƙara da hujjojinka. Cin zarafi da ruwan da aka ɓoye, FCCPC. Tura wa mutanenka saƙo da yaɗa hotonka, NDPC; surukinka da shugabanka su ma suna da haƙƙin kai nasu ƙorafin, tunda an yi amfani da lambobinsu ba da yardarsu ba. Idan ƙaramin banki ne mai lasisi, ka fara kai kuka wurinsa a rubuce, in mako biyu ya wuce ba a warware ba sai sashen kare masu hulɗa na Babban Banki. Barazana ga rai ko lafiya kuwa laifi ce, ofishin 'yan sanda za ka nufa. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya tuntuɓi hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa, Legal Aid Council.

Ka kiyayi masu tallar cewa za su “wanke” maka BVN ko su share sunanka daga manhajoji in ka biya su. Damfara ce ta biyu a kan ta farko. Kada ka ba kowa lambar sirrin katinka ko lambar da banki ke turowa ta tes.

Daga ina kuɗin biya za su fito?

Nemi rancen da ba ruwa don kashe mai ruwa. Ƙungiyar tsimi da tanadi ta ma'aikata a ofishinku ita ce wuri na farko. In kana adashi, roƙi uwar adashi ta matso maka da kwasarka. Ɗan'uwa ko aminin da zai ranta maka, ku rubuta adadi da wa'adi a gaban shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta koyar, don zumunci ya tsira. Kada ka manta wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin rukunin mutane takwas da aka ambata a rabon zakka. Ka yi wa limamin unguwarku ko hukumar zakka ta jiha bayani, ba roƙo ba ne. In akwai abin da za ka iya sayarwa ba tare da gida ya tagayyara ba, sayar da shi ya fi arha a kan tarar wata uku.

Game da rashin barci, ka sa wa kanka lokaci guda a rana na duba saƙonninsu, sauran lokaci ka toshe su. Idan damuwar ta kai ka fara tunanin cutar da kanka, kada ka kwana da ita kai kaɗai: gaya wa wani na kusa a ranar, ka ga likita.

A wannan makon ka yi abu uku: magana da iyali, zuwa banki, da rubuta lissafin. Kafin albashi mai zuwa ya shigo, ka tabbata kowane kamfani ya karɓi wasiƙarka, kuma ka san nawa za ka ba kowa. Allah ya hore maka abin biya, ya rufa asiri.