Ba Kowane Ƙari Ne Daji Ba

'Yata, an ce tun da kika ji ƙullutu a mamanki barci ya ƙaurace miki, asibiti kuma kin ƙi zuwa don gudun a ce sai an yanke. Matso ki ji.

Mafi yawan ƙullutun da mata ke ji a nono ba daji ba ne. Amma akwai wasu ƙalilan masu kama da shi har su ruɗi likita. Akwai wani kumburi da aka fara bayaninsa a 1972, yakan kama mace 'yan shekaru bayan yaye. Nono ya yi tauri, fata ta yi ja, kan nono ya shige ciki, wani lokacin har da kaluluwa a hammata, ko ya fashe yana zubar da mugunya. Duk wanda ya gani zai ce sankara ce. Alhali sau da yawa ƙwayoyi ne maganinsa, da haƙuri na watanni, bayan an tabbatar ba tarin fuka ne ya sauka a nonon ba, domin shi ma yakan zo da wannan kama. Akwai kuma ƙarin da wani likitan Rasha, Abrikosof, ya siffanta a 1926. Daga rigar jijiya yake tsirowa, ga tauri kamar tsakuwa, yana janyo fata, a hoto ma sak daji. Shi kaɗai ake cirewa da ɗan naman gefensa, a bar miki nononki. Ko buguwa ma takan daskarar da kitse ya zama curi.

Saboda haka hannu ba ya yanke hukunci, hoto ma haka. Likita zai duba ki, a yi miki sikanin, sannan a kashe wurin a sa allura a ɗebo ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Wannan na ukun shi ne alƙali. Kada ki yarda a yi miki babbar tiyata kafin sakamakonsa ya fito, kada kuma ki kai wa wanzami ya yi sakiya, ko ki yi ta shafe-shafe wata na bin wata, don idan dajin ne, Allah Ya kiyaye, jinkiri ne ke ba shi ƙarfi.

Ranar zuwa ki tafi da yayarki, kunne biyu ya fi ɗaya. Ki karɓi sakamakon a rubuce ki adana, ki tambayi ranar komawa, domin wasu irin waɗannan sukan sake tsirowa bayan an cire.