Kafin Ka Zuba Kuɗinka a Tsofaffin Katunan Besbol

Na karanta jerin tsofaffin katunan 'yan wasan besbol da kake burin mallaka, na kuma ji daɗi da ka ɗauki biro kafin ka taɓa aljihu. Yaron da ya tashi a Bronx, yana jin ihun 'yan kallo daga filin Yankees, ba abin mamaki ba ne wannan sha'awa ta kama shi, kuma ban ga aibinta ba. Sai dai jerin yana buƙatar gyara.

Sunaye biyun da ka sa a sama, Honus Wagner da Mickey Mantle na 1952, farashinsu ne ya kai su wurin. A watan Agustan 2022 an yi gwanjon katin Mantle guda ɗaya kan dala miliyan 12.6, a cikin watan kuma wani na Wagner ya tashi a miliyan 7.25. Sanin dalilin tsadar zai sanyaya maka rai. Na Wagner yana cikin rukunin katuna 524 da kamfanin American Tobacco ya riƙa sakawa a kwalin sigari daga 1909 zuwa 1911. An dakatar da buga nasa tun da wuri. Wasu sun ce ya ƙi yarda yara su sayi taba saboda hotonsa, wasu sun ce kan batun biya aka saɓa. 'Yan gomomi kaɗan ne suka rage a duniya. Shi kuwa na Mantle, lamba 311, yana cikin kashin ƙarshe da kamfanin Topps ya fitar a 1952, lokacin da kakar wasa ta zo ƙarshe, hankalin yara ya koma wani wajen. Kaya ya yi kwantai a sito shekara da shekaru, har Sy Berger, wanda ya tsara katunan, ya ba da labarin cewa daga baya sun loda su a jirgin ruwa sun juye a teku. Waɗannan kayan attajirai ne da gidajen tarihi. Ka san labarinsu, amma ka cire su daga takardar da za ka shiga kasuwa da ita.

Abin da nake so jerinka ya samu shi ne zare guda da zai ɗinke shi daga sama har ƙasa. Wani yakan bi ƙungiya ɗaya, wani shekara ɗaya, wani ɗan wasa ɗaya tun daga katinsa na farko har na ƙarshe. Da ni ne kai, zan bi baƙaƙen fatar da suka fasa katangar wariya, domin tarihin ya shafe ka. Jackie Robinson ya shiga fili da rigar Brooklyn Dodgers ran 15 ga Afrilu, 1947, ana zaginsa daga kujerun 'yan kallo yana haɗiyewa. Bayan mako goma sha ɗaya Larry Doby ya bi sahu a Cleveland, ya sha irin wannan wulaƙancin, amma ba a cika tunawa da shi ba. Satchel Paige sai da ya kai shekara 42 aka buɗe masa ƙofa, a 1948. Ga Willie Mays. Ga Roberto Clemente, ɗan Puerto Rico, wanda ya rasu a haɗarin jirgin sama ranar ƙarshe ta 1972 yana kai agaji ga waɗanda girgizar ƙasa ta shafa a Nicaragua. Ga kuma na unguwarku, Elston Howard, baƙin fata na farko da ya yi wa Yankees wasa, a 1955. Katunansa na shekarun 1960 ba su kai kuɗin takalmin da ke ƙafarka ba.

Akwai layin da zai zauna ba cikawa, kuma ina so ka rubuta shi duk da haka. Josh Gibson, wanda aka yi ittifaƙi yana cikin gwanayen da wasan ya taɓa gani, ya ƙare rayuwarsa a gasar baƙaƙe. Ya rasu a Janairun 1947 yana da shekara 35, wata uku kafin Robinson ya shiga fili. Manyan kamfanonin Amurka ba su buga masa kati yana raye ba, sai na tunawa da suka zo daga baya. Duk wanda ya ga wannan gurbi a jerinka zai tambaya, kai kuma ka ba shi labari.

Kada ka rubuta suna kawai. Robinson kaɗai yana da katin Leaf, da na Bowman a 1949 da 1950, da na Topps daga 1952 zuwa 1956, kowanne da farashinsa. A gaban kowane suna ka sa shekara, kamfani, lamba, yanayin da za ka iya karɓa, sannan iyakar kuɗin da ba za ka haura ba. Wannan iyaka a gida ake yanke ta, da sanyin kai, domin idan gwanjon intanet ya rage minti biyu wani ya ɗora a kanka, zuciya ce ke danna waya. Kuma katin farko ba wajibi ba ne. Na Hank Aaron na 1954 ya fi ƙarfin ɗalibi, amma Topps ya ci gaba da buga shi kowace shekara har 1976. Katin lamba 1 na 1974, shekarar da ya zarce bajintar Babe Ruth ta bugun home run 714 ana aiko masa da wasiƙun barazanar kisa, yana da sauƙin kuɗi, kuma labarinsa bai gaza na kowane kati ba.

Batun yanayin kati shi ne inda ake cutar sabon shiga. Kamfanonin tantancewa irin su PSA da SGC suna ba da maki daga 1 zuwa 10, su rufe katin a gidan roba, kuma tazarar kuɗi tsakanin maki 4 da maki 8 takan ninka sau da yawa alhali hoton ɗaya ne. A ganina kati mai maki 3 ko 4, wanda fuskar ɗan wasan ta fito tas, ya ishe ka. Yaran wancan zamani da cingam suke sayen katunan nan, su ɗaure su da roba, su cusa a aljihu, wasu ma su maƙala a ƙafar keke don ta riƙa ƙara. Tsohon kati mai gaskiya yakan nuna wannan wahalar.

Idan mai sayarwa ya miƙo maka wanda ba a tantance ba, ka nemi izini ka fito da shi daga leda. Ka riƙe shi ta gefe, ka karkata shi wajen haske. Lanƙwasar da ba a gani kai tsaye za ta fito kamar siririn gashi. Ka dubi kusurwoyi huɗu, ka dubi farin da ya kewaye hoton ko ya yi daidai hagu da dama, ka juya baya ko an buga shekarar sake bugu da ƙananan haruffa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, duk da haka ka tafi da rula. Tun daga 1957 girman katin Topps inci 2.5 ne a faɗi, 3.5 a tsawo. In ka ga katin da ya haura shekara sittin, gefensa kaifi, ya kuma ɗan gaza awo, ka mayar wa mai shi cikin ladabi. Wannan ha'inci na datse gefen kati ya taɓa har manya: katin Wagner da Wayne Gretzky da abokinsa suka saya dala 451,000 a 1991, wanda PSA ta ba maki 8, dillalin nan Bill Mastro ya amsa a gaban kotu a 2013 cewa ya datse gefunansa.

Katunan da aka buga daga wajen 1987 zuwa 1994 an yi su ne birjik, kada wani ya ce maka jari ne. Haka kuma sayen rufaffen ƙunshi da tsada don fatan dacewa da kati mai daraja, ko zuba kuɗi a raba akwati ta intanet, ƙofar caca ce, ka nisance ta. Ba a cin bashi don sha'awa, ba a taɓa kuɗin makaranta, kuma duk abin da za ka saya mahaifinka ya sani.

Akwai wani bawan Allah, Jefferson Burdick, mutumin Syracuse, ma'aikacin masana'anta mai fama da ciwon gaɓoɓi. Shi ya tsara kundin da ya raɗa wa rukunin Wagner suna T206, kuma har yau da tsarinsa ake aiki. Ya ba gidan tarihi na Metropolitan tarinsa kyauta, katunan besbol kusan 30,000 a ciki har da Wagner, ya shafe shekarunsa na ƙarshe yana manna su a kundi da hannunsa, ya rasu a 1963 jim kaɗan bayan ya kammala. Ana baje wani kaso daga ciki ana canjawa lokaci zuwa lokaci. Jirgin ƙasa lamba 4 zai ɗauke ka daga bakin filin Yankees zuwa titi na 86, kuma mazaunin jihar New York abin da ya sawwaƙa yake biya a ƙofa. Ka ja ƙannenka ku je wata Asabar, ka cika idonka da na gaskiya kafin ka sayi ko ɗaya.