Ciwon Suga: Yi Shawara da Likita

Ciwon suga ba na tsofaffi kaɗai ba ne. A Haɗeja akwai masu shekara 30 zuwa 50 da ke fama da shi, daga manomin shinkafa a fadama zuwa matar aure mai goyo.

Ana gwada jini da safe kafin a ci komai. In suga ya kai 126 ko fiye, a Babban Asibitin Haɗeja ko a wani asibiti, sai a sake gwaji wata rana don a tabbatar. Daga nan sai batun magani. A nan ne da yawanmu muke yin shiru. Likita ya rubuta, mu ce “to, na gode,” mu tashi. Kunya ce, da ganin girman likita. Shi kuwa bai san yadda kake wuni ba sai ka faɗa masa.

Ɗauki manomi mai fita gona da asuba, ba ya karyawa sai rana ta ɗaga. In aka ba shi glibenclamide ya sha da ciki babu komai, suga na iya faɗuwa yana tsakar aiki. Sai gumi, da rawar jiki, da jiri. Da ya faɗi yadda yake fita, da likita ya sauya lokacin sha, ko ya ba shi wani maganin. Metformin kuma da abinci ake shansa, don kada ya ɓata ciki.

In an ce allurar insulin, ka faɗi gaskiya idan ba ka da firji. Zafin watan Afrilu yana lalata ta. Ana iya ajiye ta a cikin randa mai sanyi, a inuwa. In kuɗin magani ya fi ƙarfinka, shi ma ka faɗa, kada ka dinga tsallake kwana a ɓoye.

Mace mai son ɗaukar ciki ta sanar da likita tun kafin lokaci, domin wasu magungunan sai an sauya su.

Ga kuma azumi. Je asibiti tun watan Rajab ko farkon Sha'aban, ku tsara shan magani a sahur da buɗa baki. In suga ya sauka ƙasa da 70 kana azumi, ka karya nan take.