Ƙa'idojin Sa Hannu Kan Cek a Asusun Haɗin Gwiwa na Miji da Mata

Duk magidancin da ya buɗe asusun ajiya ɗaya tare da maiɗakinsa, banki zai ba su takardar izini da za su bayyana wanda ke da ikon cire kuɗi. Wannan takarda kaɗai banki ke bi. Aure ba ya ba miji ikon sa hannu a madadin matarsa, haka ita ma.

Tsari biyu aka fi amfani da su. A na farko, sa hannun ɗaya daga cikinsu ya wadatar. Wannan ya dace da ɗan kasuwar da ke yawan tafiya Legas ko Anaca sarin kaya, domin maiɗakinsa na iya biyan dillali ba tare da jiran dawowarsa ba. Sai dai kuma kowannensu na iya kwashe kuɗin kaf, banki kuwa ba shi da laifi. A tsari na biyu dole cek ya ɗauki sa hannun su biyun, in ba haka ba a mayar da shi. Wasu ma'auratan kan haɗa tsarin biyu, su yanka adadin da idan cek ya wuce shi sai kowa ya sa hannu. Ga asusun da jarin kasuwanci ke ciki, wannan ya fi aminci.

Babban haɗari shi ne ɗabi'ar sa hannu kan cek ba a rubuta adadi ba, a bar wa abokin zama kafin tafiya. Dokar hukunta masu ba da cek na bogi ta 1977 ta tanadi ɗaurin shekara 2, ba zaɓin tara, ga wanda ya karɓi kaya da cek da aka mayar saboda ƙarancin kuɗi a asusu, muddin an gabatar da shi cikin wata 3. Idan miji ya cire kuɗi, matar kuma ba ta sani ba ta rubuta cek, rigima ta taso ke nan.

Idan saɓani ya shiga tsakani, ɗaya na iya rubuta wa banki ya janye izininsa, daga nan ba a biyan komai sai da amincewar su biyun.

Rasuwa kuma tana soke sa hannun mamaci da zarar banki ya sami sanarwa. Ga Musulmi, kason mamaci a cikin asusun dukiyar gado ce, don haka ya kyautu tun farko a rubuta abin da kowa ya zuba.