RUMBUN BAYANAI: YADDA AKE TSARA SHI DA YADDA AKE KULA DA SHI

A watan Fabrairu na shekarar 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta ba da sanarwar cewa an cire sunaye fiye da 23,000 daga jerin masu karɓar albashin gwamnati, domin an binciko cewa babu masu su. Waɗannan su ne ake kira ma'aikatan bogi. An gano su ne da aka kwatanta jerin albashi da lambar shaidar banki, watau BVN, wadda Babban Bankin Nijeriya ya soma aiki da ita a 2014. Sai ga mutum guda yana karɓar albashi da sunaye da dama. Wannan ya isa ya nuna cewa yadda ake ajiye bayanai magana ce da ta shafi dukiyar jama'a, kuma ya kamata kowane ma'aikaci ya san tushenta, daga akawu har zuwa babban sakatare.

Rumbun bayanai shi ne tarin bayanai da aka jera bisa ƙa'ida a cikin kwamfuta, yadda za a iya nemo su da sauri, a gyara, a ƙara, ba tare da sun rikice ba. Shirin kwamfuta da ke tsaron wannan rumbu kuwa, shi ake kira manhajar kula da rumbun bayanai. Matsayinta kamar na magatakardan rajista ne a ofis: ba mai ɗaukar fayil ko mai da shi sai ta hannunsa. Oracle da MySQL da PostgreSQL duk irin wannan manhaja ne.

Asalin tsarin jadawali

Kafin 1970 kowane sashe yakan ajiye nasa bayanan a nasa fayil, ko da kuwa a kwamfuta ne. Sashen albashi na da sunan ma'aikaci, sashen fansho ma na da shi, kuma sau da yawa abin da aka rubuta nan ya saɓa wa na can. A wannan shekara ne wani masanin lissafi haifaffen Ingila, Edgar Codd, wanda ke aiki da kamfanin IBM a Amurka, ya kawo shawarar a riƙa zuba bayanai cikin jadawalai masu dangantaka da juna. Daga baya aka ƙirƙiro harshen SQL don yi wa rumbu tambaya, aka kuma tsai da ƙa'idojinsa a Amurka a 1986. Har yanzu akasarin bankuna da hukumomi bisa wannan tsari suke.

Jadawali yana da layuka a kwance da gurabe a tsaye. Kowane layi na magana a kan abu guda, alal misali ma'aikaci ɗaya. Kowane gurbi kuwa na ɗauke da bayani iri guda: suna, ranar haihuwa, ranar kama aiki, matakin albashi.

Mabuɗi

Abu na farko da mai tsara rumbu zai yi wa tunani shi ne: da me za a bambanta wannan layi da wancan? Suna ba zai yi ba. Musa Ibrahim nawa ne a cikin ma'aikatar nan guda? Ga kuma rikicin rubutu: mutum ɗaya a rubuta shi Muhammadu a takardar makaranta, Mohammed a banki, Mamman a katin asibiti. Lambar waya ma ba ta isa ba, gama ana sauya ta, wani lokaci ma kamfani yakan sake sayar da ita ga wani. Saboda haka akan ba kowane layi lamba tasa ta kansa, wadda ba ta sauyawa, ba a kuma ba kowa irinta. Ita ce mabuɗi. Lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN, mai alƙaluma 11, wadda hukumar NIMC ke bayarwa tun bayan kafa ta da dokar 2007, mabuɗi ce irin wannan. Manhaja ba za ta yarda a shigar da mabuɗi ɗaya sau biyu a jadawali guda ba, kuma da wannan kaɗai an toshe babbar ƙofar zamba.

A rubuta kowane bayani sau ɗaya

Nan ne masu tsarawa suka fi yin kuskure, shi ya sa ya cancanci a tsaya a kansa. A ɗauka cewa a jadawalin ma'aikata an rubuta adadin albashi a gaban sunan kowa. Ran da gwamnati ta yi ƙari ga mataki na 8, dole akawu ya bi sunaye dubbai yana gyarawa ɗaya bayan ɗaya. In ya tsallake goma, to, an sami mutum goma da za su yi ta safa da marwa tsakanin ofisoshi suna neman haƙƙinsu. Hanyar da ta dace ita ce a yi jadawali dabam na matakan albashi, kowane mataki da kuɗinsa, sa'an nan a gaban sunan ma'aikaci a sa lambar matakinsa kurum. In ƙari ya zo, wuri ɗaya za a gyara, kowa ya samu.

Haka nan sunan sashe da adireshinsa. Su zauna a nasu jadawalin, a riƙa nuni gare su da mabuɗi. Akwai wata illa kuma da ba a cika lura da ita ba: idan bayanin sashe yana manne da sunan ma'aikaci kaɗai, ran da aka share ma'aikaci na ƙarshe a sashen, bayanin sashen ma ya bi shi. Gaskiya ne rarraba jadawalai yakan sa tambaya ta ɗan ƙara tsawo, amma wannan wahala ƙarama ce in an gwada ta da ta bin kurakurai daga baya.

Lalle ne kuma a kafa wa kowane gurbi iyaka tun da fari. Ranar kama aiki kada ta riga ranar haihuwa. Kada a karɓi lambar matakin da babu shi a jadawalin matakai. A tsai da hanya ɗaya ta rubuta kwanan wata, domin 03/04 a Nijeriya uku ga Afrilu ne, a Amurka kuwa huɗu ga Maris.

Aikin manhaja

Idan mutum ya tura kuɗi daga asusunsa zuwa na wani, ayyuka biyu ne: a cire nan, a zuba can. In wuta ta ɗauke a tsakani fa? Manhaja mai kyau takan ɗauki ayyukan biyu tamkar guda: ko duka su tabbata, ko kuwa a mai da kome yadda yake. Takan kuma hana akawu biyu su gyara layi ɗaya a lokaci guda, ta ƙayyade wanda zai iya dubawa da wanda zai iya sauyawa, kuma ana iya sa ta ajiye tarihin wanda ya taɓa me, da yaushe. Amma fa ba ta san gaskiya daga ƙarya ba. In akawu ya rubuta 1987 a maimakon 1978, ta karɓa, kuma mai wannan fayil zai gane haka ne ran da ya zo lissafin ritaya. Wajibi ne kuma a riƙa kwafe rumbun a kai a kai, a ajiye kwafin a wani gini dabam, a kuma jarraba dawo da shi lokaci lokaci don a tabbata yana aiki.

Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ba kowane mutum ikon neman ganin abin da aka ajiye game da shi, da neman a gyara in akwai kuskure. Wanda ya ga sunansa ko ranar haihuwarsa sun bambanta tsakanin banki da NIMC da wurin aikinsa, sai ya tafi da takardunsa na asali ofishin da kuskuren yake, ya nemi gyara a rubuce, ya kuma riƙe shaidar karɓar takardarsa.