Naman Tsuntsun Daji: Yadda Aka Kama Shi Ya Fi Yadda Aka Dafa Shi

A aikin duba lafiyar nama a kasuwannin da ke kewaye da dausayin Haɗeja da Nguru, inda maharba ke kawo ɗinya da kirinjijiya da zabin daji da fakara, tambayar farko da ma'aikaci ke yi ita ce ta yadda tsuntsun ya shigo hannu, domin amincin naman ya rataya ne a kan wannan amsa tun kafin a ɗora tukunya.

Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, har da ta murar tsuntsaye nau'in H5N1, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Afirka a shekarar 2006 a wata gonar kaji da ke Jaji a Jihar Kaduna, matuƙar zafin cikin tsokar ya kai digiri 74, kuma jan da ke jikin ƙashi ya ɓace. Haɗarin wannan cuta ya fi yawa a lokacin fige gashi da fitar da kayan ciki, saboda haka tsuntsun da aka tsinta yana magagi ko a mace ba abin taɓawa ba ne.

Guba kuwa ba ruwanta da wuta. Wasu mafarauta suna cuɗa hatsi da maganin ƙwari irin su Furadan su watsa a bakin ruwa, sannan su bi tsuntsayen da suka galabaita su yanka, mai saye kuma ya ga alamar yanka ya natsu, alhali yankan ya hana naman zama mushe ne kawai, bai fitar da gubar ba. Haka nan jan baki, ƙaramin tsuntsun nan mai cinye gero da shinkafa, wanda ake yi wa feshi daga jirgin sama, bai kamata a tsince shi a soya ba, komai arhar da yake da ita a faranti. Harsashin dalma ma yana tarwatsewa cikin tsoka, kuma tsamiya ko lemun tsami suna ƙara narkar da dalmar a cikin romo, don haka wajibi ne a yanke duk wurin da harbi ya ratsa a zubar, musamman idan yara da masu juna biyu za su ci.

Idan tsuntsun ya tsallake waɗannan, sauran aikin na haƙuri ne. Naman zabon daji da na ɗinya yana da tauri da ƙarancin kitse saboda yawan tashi da yawo, shi ya sa farfesu a kan sassauƙar wuta, da citta da kanumfari da masoro da tafarnuwa da daddawa, ya fi dacewa da shi, yayin da gashi da yajin ƙuli ya fi karɓar matashiyar fakara ko kurciya, in an shafe ta da man gyaɗa don kada ta bushe.

Masu sayen tsuntsu a gefen hanya, musamman soyayye wanda ba a ga ɗanyensa ba, su riƙa tambayar yadda aka kama shi, kuma su bar wa mai talla kayansa idan amsar ba ta fito fili ba.