Zakaran da Ya Tsani Wasansa

Ɗana, na ga yadda ka ɗauki maganar ƙwallon yaronka da zafi, kuma ban ga laifinka ba. Duk uban da ke zaune a Sabonjida, nan Tamale, ya san abin da tamaula ta yi wa wasu 'ya'yan garin nan. Mubarak Wakaso ya tashi daga Tamale ya je ya buga a Sifen. Abdul Fatawu Issahaku ya bar ƙungiyar Steadfast ya tafi Sporting ta Fotugal a 2022, daga can ya wuce Leicester a Ingila. Wa zai ga haka, ya ga Allah ya ba ɗansa ƙafa, sannan ya naɗe hannu? Amma kafin ka ƙara tayar da yaron nan gudu da asuba, akwai labarin da nake so ka ji. Na wasan tanis ne, inda mutum ke tsayawa shi kaɗai a gefen raga, ba abokin da zai miƙa wa ƙwallo in numfashi ya ƙare, ba wanda za a sako a madadinsa.

An haifi Andre Agassi a birnin Las Vegas na Amurka a 1970. Mahaifinsa, Mike, ɗan dambe ne da ya wakilci Iran a wasannin Olimfik na 1948 da 1952, bai ci lambar yabo ba, ya yi hijira zuwa Amurka da wannan ƙishin a ransa. Ya gina filin tanis a bayan gidansa, ya gyara wata na'ura mai harbo ƙwallo ya ƙara mata ƙarfi, ya tsayar da yaro ɗan shekara 7 a gabanta. Kullum sai ya bugi ƙwallo 2,500, kusan miliyan guda ke nan a shekara. Lissafin uban shi ne, wanda ya yi haka ba mai iya kada shi. Kuma lissafin bai yi ƙarya ba. Yana ɗan shekara 13 aka tura shi makarantar horar da 'yan tanis ta Nick Bollettieri a Florida, ya bar karatu bai gama sakandare ba, yana 16 ya shiga sahun ƙwararru. Kafin ya yi ritaya a 2006 ya ci manyan kofuna 8, ya ci zinare a Olimfik na 1996, ya hau matsayi na ɗaya a duniya.

Sai a 2009, cikin littafin tarihinsa mai suna Open, ya faɗa wa duniya cewa tun yana yaro ya tsani wasan, kuma da wannan tsanar ya yi ta cin kofunan.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ni dai na daɗe da sanin cewa yaro mai tsoron ɓata wa ubansa rai yakan koya wa fuskarsa yin shiru. Dubi abin da ya faru a 1990, a wasan ƙarshe na gasar Faransa. Agassi yana ɗan shekara 20, sanƙo ya fara kama shi, sai ya koma sa hular gashi don kada a gane. Daren jajibirin wasan hular ta lalace, aka ɗaɗɗaure ta da 'yan maƙalai. Ya shiga fili hankalinsa na kan kada ta faɗo a gaban jama'a, Andrés Gómez na Ekwado ya doke shi. Miliyoyin mutane sun kalli wasan, ba wanda ya san abin da ke cin yaron.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na 1992. Ya ci Wimbledon, babban kofinsa na farko, bayan turmi biyar da Goran Ivanisevic. Ya kira mahaifinsa a waya, maganar farko da ya ji ita ce faɗa a kan turmi na huɗu da ya bari aka ci shi. Sai can ya ji tsohon ya yi shiru, yana shan majina, ashe kuka yake. Ka gani, ɗana, Mike ba mugu ba ne. Yana son ɗansa kamar yadda kake son naka. Bakinsa ne bai saba da komai ba sai gyara, har ranar da ya kamata ya ce madalla, gyaran ne ya riga fita. Na ji ka a bakin fili ran nan, yaron ya ci biyu, kana tambayarsa ta ukun da ya ɓarar. Tun daga ranar nake neman yadda zan yi maka wannan magana.

A 1997 komai ya rushe. Ga ciwon wuyan hannu, ga auren da ba kwanciyar rai a cikinsa, sai ya faɗa shan ƙwaya mai sa maye. Gwaji ya kama shi, ya rubuta wa hukumar wasan wasiƙar ƙarya cewa bisa kuskure ya sha, aka yarda. A watan Nuwamba na shekarar ya gangaro zuwa na 141 a duniya. Kada ka ce wannan cutar masu kuɗin Amurka ce. Kai ma ka san abin da tramol ke yi wa samarinmu a Tamale, kuma da yawansu ba don iskanci suka fara ba, don su jure aikin da ya fi ƙarfinsu ne, ko don su danne abin da ba su da wanda za su gaya wa. Yaron da aka nuna wa cewa ba shi da daraja sai ya ci wasa, duk wanda ya miƙo masa abin ƙara ƙarfi zai karɓa.

Yadda ya tashi ma abin lura ne. Ya koma ƙananan gasa inda ba 'yan kallo sosai, ya fara daga ƙasa, wannan karon da zaɓin kansa. Akwai mai horar da jikinsa, Gil Reyes, wanda ya riƙe shi riƙon ɗa, ko ya ci ko an ci shi. A 1999 ya ɗauki kofin Faransa bayan an riga shi da turmi biyu. A 2001 ya buɗe makaranta don 'ya'yan talakawa a Las Vegas, shi da aka raba da aji tun yana yaro. A shekarar ya auri Steffi Graf, wadda ita ma ubanta ne ya ɗora ta a kan wasan tun tana ƙarama. Su biyun ba su tilasta wa 'ya'yansu tanis ba. Ka tsaya ka yi tunanin wannan: mutum biyu da suka kai ƙarshen abin, sun ƙi ɗora wa nasu.

Ba cewa nake ka hana yaronka ƙwallo ba. Baiwa ce, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai dai mai tanƙwarawa yana sauraren ƙarar iccen a hannunsa. Ka bar shi ya yi atisaye, amma Islamiyya da boko kada su zama abin da ake yi in an sami sarari. Fatawu kansa ya ji rauni a gwiwa a Nuwamban 2024 yana buga wa Ghana, ya rasa sauran kakar wasan gaba ɗaya, shi da ke da likitocin Ingila a kansa. Yaron da gwiwarsa ta tafi a filin ƙasa na unguwa, bai ko rubuta jarrabawar BECE ba, ina zai dosa? Sadiq Abdullahi, da ya buga wa Najeriya tanis a Olimfik na 1988 a Koriya ta Kudu, bai saki karatu ba, har ya kai ga digiri na uku a Amurka. In wani ya zo da alkawarin gwaji a Turai yana neman kuɗi, ko ya ce a rage wa yaron shekaru a takarda, ka sallame shi da mutunci. Kada ƙaryar farko a rayuwar yaron nan ta fito daga hannun ubansa.

Sannan ka tambaye shi ko yana son abin. Ba a bakin fili ba, ba kuma ranar da aka ci su ba. In ka tambaya kana tsaye a kansa zai ce yana so, domin ya san amsar da kake jira. Ka fara da mahaifiyarsa, ita ce ke ganinsa in ya dawo ya kasa cin tuwo, ita ke jin in ya ce ƙafarsa na ciwo amma kada a gaya wa Baba. Ka zauna ka ji abin da ta sani, kada ka katse ta. In akwai ciwon, gobe ka kai shi asibiti da kanka, ba kyamis ba, atisayen kuma ya jira sai likita ya ce a koma.